Yadda Likitoci Ke Tsayar Da Zuciya Su Kare Ta Yayin Tiyata

A Kaduna, yaro ko matashi da ciwon maƙogwaro ya lalata wa ƙofofin zuciya kan fara da hoton zuciya a asibitin Barau Dikko ko na Shika, daga nan a ce sai tiyata. Abin da ke kaɗa hantar iyaye shi ne jin cewa za a tsayar da zuciyar. Ku kwantar da hankali, tsayarwar nan ita ce kariyar. Ko bakanike a Panteka sai ya kashe inji kafin ya sa hannu a ciki.

Da farko, bayan an sa mara lafiya barci an buɗe ƙirji, ana ba shi hefarin don kada jini ya daskare. Sai an auna an ga maganin ya kama sosai kafin a jona shi da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, wadda John Gibbon ya fara amfani da ita cikin nasara a Amurka a 1953.

Sai likita ya matse babbar jijiyar da ke fita daga zuciya da wani maƙali. Daga nan tsokar zuciya ba ta samun jini, kuma kowane minti yana da lissafi.

Nan take ake tura ruwan da ake kira kadiyofilejiya cikin jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar. Sinadarin fotasiyam da ke cikinsa ya ninka na jinin mutum sau da yawa, shi ke katse wutar da ke sa bugu, sai zuciya ta tsaya a sake, laushi laushi, allon da ke nuna bugu ya koma layi miƙaƙƙe. Yawanci ruwan na da sanyin kusan digiri 4, domin zuciyar da ta tsaya ta kuma yi sanyi iskar da take buƙata kaɗan ce ƙwarai. Dennis Melrose ya gwada tsayar da zuciya da fotasiyam a Landan a 1955, amma fotasiyam ɗin ya yi yawa, ya illata tsoka, aka jingine shi, har a shekarun 1970 aka fito da haɗin asibitin St Thomas mai sassauci. Yau wasu na gauraya jini kashi 4 da ruwa kashi 1, suna maimaitawa kusan duk minti 20. Haɗin del Nido, da aka tsara don yara, yana da lidokayin da magniziyam, kuma tura ɗaya kan kai awa guda ko fiye.

Idan an gama ɗinki, a fitar da iskar da ta shiga, a cire maƙalin. Jini mai ɗumi ya wanke fotasiyam, zuciya ta soma motsi da kanta. Idan bugun ya rikice, a daidaita shi da ɗan jan wuta. A ƙarshe a ba da furotamin ya warware hefarin.

Naku aikin, iyaye, kafin ranar ne. Ku kai wa likita duk kwalayen maganin da mara lafiya ke sha, musamman masu tsinka jini irin su wafarin da asfirin, har da na gargajiya, kada a ɓoye. Ku faɗa idan yana da ciwon ƙoda, domin ƙoda ce ke fitar da rarar fotasiyam. Idan yana allurar insulin, ko kifi na tayar masa da borin jini, mai sa barci ya sani tun kafin a shiga ɗakin tiyata, saboda furotamin kan tayar wa irin waɗannan da rikici.