Kafin ka ce sabon madabod ya mutu, duba shekarun kanel

Yawancin sababbin kwamfutocin da ake kawowa shagona a Birnin Kebbi da sunan madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa, ya mutu lafiyarsu ƙalau. Kanel ɗin da ke cikin filashin da aka yi musu lodi da shi ne ya tsufa. Kanel shi ne sashen Linux ko Windows da ke hulɗa da ƙarfen kai tsaye, kuma kayan da aka ƙera bayan fitowarsa sau da yawa bai san su ba.

Fara da BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin madabod wadda ke tayar da kwamfuta. Madabod B550 da ya daɗe a kwali ba lallai ya tashi da furosesar Ryzen 5000 ba sai an sabunta BIOS ɗinsa, haka B650 da Ryzen 9000. In yana da maɓallin Flashback na sabunta BIOS daga filash, ko furosesa ba ka buƙata. Amma don Allah kada ka taɓa wannan aiki sai a kan inbata ko UPS. Aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, madabod ɗin na iya mutuwa da gaske.

Daga nan ka tayar da Linux daga filash, kada ka girka tukuna. A tagar rubuta umarni (terminal), buga uname -r ka ga lambar kanel, sannan lspci -k ka ga jerin na'urorin ciki. Duk na'urar da ba a rubuta direba, wato manhajar da ke sarrafa ta, a ƙarƙashinta ba, ka lura da ita, musamman katin Wi-Fi da na wayar intanet.

A nan yaran shago suka fi tuntuɓe. Ubuntu 22.04 ta fito da kanel 5.15, Debian 12 da 6.1, Ubuntu 24.04 da 6.8. Furosesar Intel ta ƙarni na 12, wadda ta fito ƙarshen 2021, da yawa daga cikin nau'o'inta suna da ƙwayoyin aiki (cores) iri biyu, masu ƙarfi da masu tsimin wuta, kuma sai a 5.18 Linux ta fara karɓar bayanin da furosesar ke bayarwa a kansu. Tsohon kanel zai tashi, amma yana iya ɗora aiki mai nauyi kan ƙananan ƙwayoyin, mai kaya ya dawo yana cewa an sayar masa da jabu. Mai 22.04 ya girka linux-generic-hwe-22.04, ya sabunta linux-firmware, ya sake kunnawa. In kwamfutar ba ta ganin intanet, jona wayarka da kebul ka ba ta data. Ni dai a ganina sauke sabon tsarin gaba ɗaya ya fi faci, ko da zai ci data.

Masu Windows kuwa, ku haƙura da 10, tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma 11 ce ta iya raba aiki tsakanin ƙwayoyin nan. In wajen girkawa ba ta ga ma'ajiyar SSD ba, shiga BIOS ka kashe saitin da ake kira VMD, ko ka ɗora mata direban Intel RST daga filash.