Sista, kafin ki sallami mai asma ga abin da za ki yi

'Yan uwana ma'aikatan jinya, maganar sallamar mai ciwon asma ce nake so mu yi yau, don abin ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Za a kawo mutum cikin dare numfashi na sarƙewa ƙirji na kuka kamar usur, mu sa masa oksijin mu yi masa nebulaiza, na'urar da ke mayar da magani tururi ya shaƙa, kwana biyu ko uku ya dawo hayyacinsa, likita ya zo zagaye ya ce a sallame shi, mu kuma mu miƙa masa takardar magani mu ce Allah ya ƙara sauƙi, shikenan. Bayan sati uku sai ga shi an sake kwaso shi ranga-ranga. Likita hannu yake sawa a takarda ya wuce, amma mu ne tare da majinyacin nan safe da dare, to shirya shi komawa gida aikinmu ne.

Kar ki jira ranar tafiya, ranar nan hankalinsa na kan kuɗin asibiti da mai adaidaita da ke jira a waje. Tun ranar da ya fara iya magana ba haki ki ja kujera ki zauna. Tambaye shi me ya tayar da ciwon wannan karon, mura ce, ƙurar hunturu ce, hayakin itace ko na janareta, maganin sauro na kunnawa, ko turaren wuta. Ki tambayi maganin ciwon jiki da yake saya a kemis, don asfirin da Ibuprofen da Diclofenac suna tayar wa wasu. In akwai mai shan sigari a gidan a gaya masa gaskiya.

Sai babban aikin, wato inhela, 'yar kwalbar maganin da ake dannawa a shaƙa ta baki. Don Allah kar ki ce "Baba ka iya amfani da ita?" zai ce miki eh ne kawai. Ki ba shi a hannu ki ce ya yi ki gani. Wallahi za ki sha mamaki, wani fesawa yake a baki kamar turare ya haɗiye, wani ya danna sau uku a jere lokaci guda. Yadda ake yi: ya girgiza ta, ya fitar da numfashi, ya kama bakinta da leɓe, ya danna sau ɗaya daidai lokacin da ya fara jan numfashi a hankali, ya riƙe kamar daƙiƙa 10, ya ɗan dakata kafin na biyu. Ki sa ya maimaita kullum har a sallame shi, kuma a gaban wanda ke jinyarsa. Yara da tsofaffi a haɗa musu da sifesa, wato bututun da ake sawa tsakanin inhela da baki, in babu kuɗinta gorar ruwa ta roba mai 500ml da aka huda gindinta daidai bakin inhela tana aiki, an gwada wannan a kan yara a Afirka ta Kudu.

Inda aka fi samun matsala shi ne bambance inhela iri biyu, shuɗiya da ta kariya. Shuɗiyar, Ventolin, tana buɗe hanyar iska nan take shi ya sa kowa ke sonta, amma ba ta taɓa kumburin da ke ciki. Ta kariya, irin su Beclomethasone ko Seretide ko Symbicort, ita ce ke kwantar da kumburin kuma ita ce ake jefarwa a loka da zarar an ji sauƙi. Tun 2019 ƙa'idar GINA, wato jagorar duniya kan kula da asma, ta daina yarda a bar babba da shuɗiya ita kaɗai. Ki gaya masa ta kariya ko yana jin garau sai ya yi, ya kuskure baki bayan nan. In yana ƙarar da shuɗiya uku a shekara ko fiye, ciwon bai kwanta ba. Prednisolone, ƙwayar rage kumburi da aka rubuta masa, yawanci kwana 5 zuwa 7 ne ga babba, ya shanye ya tsaya, kar ya mayar da shi na kullum daga kemis.

Masu cewa inhela sabo take sawa ko sai ciwo ya kai ƙarshe ake ba da ita, ki saurare su da haƙuri ki warware musu, in kin yi musu faɗa boyewa za su yi.

Kafin ya fita ki tabbatar ya kwana ɗaya a kan maganin da zai tafi da shi ba nebulaiza, kuma maganin na hannunsa ba a takarda kawai ba. Ki rubuta masa tsari da Hausa, ko da ajami in shi yake karantawa: abin da zai sha kullum, abin da zai yi in tari ya fara tada shi da dare, da alamun da ba a jira, wato ya kasa ƙarasa magana, leɓe ya canza kala, ko shuɗiya ta daina aiki. Nan sai asibiti, yana shaƙar shuɗiya a hanya. Ranar dawowa kuma ki rubuta ta ɓaro-ɓaro, cikin sati ɗaya ga babba, yaro kwana ɗaya ko biyu, ki ce ya taho da duk inhelolinsa a leda a sake duba yadda yake yi.