Yadda ake tafiyar keke ta kwanaki a hanyoyin burji domin tallafa wa sassabin zamani

Duk shekara sai na ga samari sun yi shiri, sun buga riguna, sun tara kuɗi da sunan kare gonaki, kwana biyu su dawo da keken a saman mota. Ƙarfi suna da shi. Ƙaya da rairayi ne ke mayar da su gida, don haka a nan zan fi tsayawa.

Ka fara da zaɓen hanya da lokaci. Ni hanyar da nake bi daga Damagaram ce zuwa Matameye da Magaria, ta ƙauyuka, ba ta kan kwalta ba. A yankin nan ne ido zai gane maka abin da manoma suka yi da gawo. Tun 1983 da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, ya fara aikin sassabin zamani a Maraɗi, mutane suka koma barin tohon kututture a gona suna sassabe shi maimakon tumɓukewa, har bincike ya nuna kusan hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar. Ka tashi bayan kaka, tsakanin Nuwamba da Janairu. An gama girbi, hanya ta bushe, gawo kuma ya yi kore shar, tunda shi da damina yake zubar da ganye. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka ka faro daga Damagaram ka yi kudu, ta riƙa turo ka ta baya. Wanda ya juya hanyar zai sha wuya. Bazara kuwa kada ma ka fara.

Sai keke. Ba ruwana da mai giya ashirin da ɗaya in tayarsa siririya ce. Taya mai faɗi nake so, da keken da kowane mai faci na kasuwar ƙauye zai iya kwancewa. Kuɗin sabon keke gara ka sa su a tayoyi masu kyau biyu.

Yanzu ga wurin da na faɗi a tafiyata ta farko. Na yi faci bakwai a yini ɗaya, kafin La'asar gam ɗina ya ƙare. Laifin nawa ne: ina cire tub, in liƙe huji, in mayar, alhali ƙayar tana nan cikin tayar. Ƙayar tsidau da ta aduwa sukan karye, kan ya maƙale a roba, daga waje ba ka ganin komai, sai ka hau nauyi ya sake tura shi. To, duk lokacin da ka yi faci, ka cire tayar gaba ɗaya, ka juya cikinta, ka bi da tsumma a hankali. Inda tsumman ya kama, nan ƙaya take, ka zaro ta da allura ko tsinke. Kada ka bi da yatsa tsirara. Kafin ka bar gida kuma, ka samo tsohuwar taya, ka yanke gefunanta masu waya, ka shimfiɗa ta cikin sabuwar kafin ka sa tub. Keken zai ɗan yi nauyi, amma tun da na koma yin haka nakan yi kwana uku ban taɓa gam ba. Wani abin da sababbi ke yi: sun gaji, sai su jingina keke ƙarƙashin aduwa ko bagaruwa saboda inuwa. Nan ne matattarar ƙaya. Ka ɗaga keken a kafaɗa, ko ka nemi inuwar darbejiya a bakin gari.

Rairayi kuma, rage iskar taya kaɗan, koma baya a kan sirdi, kada ka danne birkin gaba. In ya yi zurfi, sauka ka tura. Amma kada ka ratsa gonar mutane don gudun yashi, ko da an girbe. Ƙananan tohon nan da za ka taka su ne abin da ka fito dominsa. Sarƙa ka goge ta kowace yamma, ka ɗiga mai kaɗan, mai da yawa ƙura yake kamawa.

Ka hau bayan sallar Asuba, ka sauka wajen sha ɗaya, ka ci gaba bayan La'asar, ka shiga gari kafin Magariba. Ruwa lita huɗu aƙalla, ɗaya a ciki ka zuba sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali. Fura za ka samu a hanya. Kowace safiya ka tambayi direbobi a tasha lafiyar hanyar da ke gabanka, in sun ce kada ka bi, kada ka bi. Takardunka su kasance a jikinka.

Kana isa ƙauye, ƙofar mai gari za ka fara zuwa: "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu, mun zo ganin itatuwan gonakinku." Ba wa'azi ka zo yi ba, sun fi ka sanin gawo. Ka tambaya wa ke tsaron itatuwa daga masu sara da dare.

Batun kuɗi, ka sa masu tallafi su yi alkawari a kan kowace kilomita, ka karɓi rabi kafin ka tashi. Ni ba na sayen dashe da su, yawancinsa ba ya kai damina ta biyu. Adda da gatari da ɗan abin hannu ga masu tsaron itatuwa sun fi amfani. Ka miƙa a gaban mai gari da jama'a, a rubuta, ka ɗauki hoton takardar, ka tura wa kowane mai tallafi ranar da ka dawo.