Darasi na 7: Yadda Ake Gadon Hasken Gashin Doki

A ranar Hawan Daushe, wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu zai ga dawakai kala-kala: akawal, bikili, ja, gunya, kili. Amma launin da jikin doki yake yi iri biyu ne kacal, baƙi da ja. Akawal baƙi ne duka. Bikili jikinsa ja ne, gezarsa da wutsiyarsa da ƙafafunsa baƙaƙe.

To, gunya fa, daga ina haskenta?

Akwai wata ƙwayar gado da ke rage ƙarfin launi. Masana a Faransa sun gano ta a 2003. Aikinta kamar na ruwa ne a karofin Ƙofar Mata: baba ɗaya ne, amma in ya tsinke sai zane ya fito da haske. Ɗan doki yana karɓar ƙwaya ɗaya daga ingarma, ɗaya daga goɗiya. Saboda haka yana iya samun ƙwayar hasken guda ɗaya, ko biyu, ko ya rasa.

Jan doki mai guda ɗaya yakan fito ruwan zinariya, da farar geza. Bikili mai guda ɗaya jikinsa yakan yi ruwan ƙasa mai haske, amma geza da ƙafafu suna nan baƙaƙe, domin guda ɗaya ba ta iya wa baƙi sosai. Shi ya sa akawal yakan ɓoye ta a jikinsa, ba wanda ya sani, sai ranar da ɗansa ya fito da haske a fara gardama a barga. Mai guda biyu kuwa ruwan madara ne, fatarsa ja-ja, idanunsa shuɗaye.

Ga inda masu kiwo suke asarar kuɗi. Mutum ya haɗa ingarma ruwan zinariya da goɗiya ruwan zinariya, yana jiran ɗa irinsu. A kowace haihuwa, damar samun irinsu 2 ce cikin 4. Damar samun ja 1 ce cikin 4, ta ruwan madara ma 1 cikin 4. Goɗiya kuma wajen wata 11 take yi da ciki, jiran ba kaɗan ba ne. Mai son ruwan zinariya ba fashi, sai ya haɗa jan doki da ruwan madarar da asalinsa ja ne.

Kada a ɗauki ruwan madara a matsayin kili. Shi da duhu ake haihuwarsa, yana girma yana yin fari, fatarsa kuma baƙa ce. Kafin ka saya, duba fatar hanci da ta gefen ido. In kili ya tsufa, a riƙa duba ƙarƙashin wutsiyarsa, don ƙari yakan fito masa a nan. Mai jar fata kuma a ɗaure shi a inuwa, musamman a bazarar Kano.

Aiki:
1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: goɗiya, ƙwaya, baƙi, shuɗi.
2. Daga wurin wa ɗan doki yake karɓar ƙwayoyin gadonsa?
3. Ta yaya za ka bambanta kili da ruwan madara?
4. An haɗa ruwan zinariya biyu. Launuka nawa ne za su iya fitowa? Rubuta su.