Yadda na gyara masarar gangare a Ikorodu, Legas

Masarar da ke saman gangaren ta tsumbure, ganyen ƙasa ya yi ɗorawa tun daga tsini yana bin jijiyar tsakiya, alhali ta gindin gangaren kore shar. Wannan yunwar naitirojin ce, sinadarin taki da ke sa ganye ya yi kore. Ruwan Yuni a Legas ba ya wasa, kuma ƙasar mai yashi ce: takin da aka watsa a sarari, ruwa ɗaya ya isa ya kwashe shi zuwa kwari.

Kunyoyin ma da laifinsu, domin an ja su ne daga sama zuwa ƙasa, kowane kwarin kunya ya zama magudana. Na sake huɗa a gicciye, na ɗaure kwarin da ɗan tudun ƙasa kowace mita 3, na dasa layin ciyawar jema mai riƙe ƙasa a tsakiya.

Sai taki. Tazarar shuka santimita 75 da 25, tsiro ɗaya a rami. Kwana 10 bayan shuka, NPK 15-15-15 cikin murfin kwalbar lemo, kusan giram 6, wato buhu 6 a hekta. A tona rami santimita 5 daga tsiron, ta ɓangaren tudu, a zuba a binne. A mako na 5, yuriya buhu 2 a hekta, kashi ɗaya cikin uku na murfin ga kowane tsiro. Ita ma a binne ta, in ba haka ba iska ta sha rabonta.

Saman gangaren, inda zaizaya ta cinye ƙasar kirki, shi na fi ba ruɓaɓɓen kashin kaji kafin huɗa. Ɗanye kuwa ƙona saiwa yake yi.