Yadda za ka lissafa wat da turjiya kafin ka ƙona wayar wutarka

Yanzu da zafi ya kama Sakkwato kowa sola yake haɗawa, daga Mabera har Arkilla sai ka ishe faifai bisa rufi, amma da yawa sai dai su sayi batir da inbata su ce ma yaro ya ɗaura, ba wanda ya zauna ya yi lissafi. Kuma lissafin wallahi bai fi raba da sau ba, kalkuletar wayarka ta isa.

Abu huɗu ne. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta, amfiya yawan wutar da ke bin waya, turjiya ita ce yadda kayan ke tare ma wutar hanya ana auna ta da om, sai wat wato ƙarfin da kayan ke ci. In ka san bolt da amfiya sauran biyun suna hannunka. Turjiya: ka raba bolt da amfiya, R = V ÷ I. Wat: bolt sau amfiya, P = V × I. Ta farkon ita ce dokar Ohm, wani Bajamushe Georg Ohm ne ya fitar da ita a 1827.

Ɗauko dutsen guga ka juya shi, akwai ɗan rubutu a gindinsa, a ce ka ga 1000W 230V. Wutar Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Raba 1000 da 230 za ka samu amfiya 4.35, sannan ka raba 230 da 4.35 ya ba ka om 53 ko kusa da haka. To turjiyar nan ta dutsen ce, ba ruwanta da abin da NEPA ta kawo, saboda haka ranar da aka kawo wuta ba ƙarfi mita ta nuna 180, sai ka raba 180 da 53 amfiya ta dawo 3.4, ka yi 3.4 sau 180 ka ga wat 610 kawai yake samu. Shi ya sa rannan za ka yi ta goga shadda ta ƙi kwanciya, dutsen lafiyarsa lau.

In kayan ba rubutu sai awo da mita. Bolt ana auna shi ka ɗora tsinkunan biyu a baki biyu na batir ko soket. Amfiya kuwa dole ka cire waya guda mita ta shiga tsakani wutar ta bi ta cikinta, kuma don Allah kada ka juya mita kan amfiya ka soka ta a soket, nan take fis zai tashi in ma abin ya tsaya nan. In da hali sayi mai baki wadda ake maƙalawa a waya, ta fi kwanciyar hankali, amma waya ɗaya tak za ka kama, in ka haɗa biyun sifiri za ta nuna maka. Awon om kuma sai an kashe wuta an zare kayan.

Ga inda na fi so 'yan'uwa masu sola su tsaya. Fankar bolt 12 da ke jan amfiya 2.5 wat 30 ke nan, awa 8 na dare 30 sau 8 ne wat-awa 240, batir mai 100Ah (wato amfiya sau awa) kuma bolt 12 sau 100 ne wat-awa 1200, amma in na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka ci in kana so ya yi ƙarko. Wannan ba matsala. Matsalar tana zuwa ranar da uwargida ta jona dutsen gugan nan a inbata, mai mayar da bolt 12 na batir zuwa 230. Wat 1000 a bolt 12 amfiya 83 ne daga batir, har ma ya ɗara don inbata ita ma tana cin nata. Zafin da waya ke yi amfiya sau amfiya sau turjiyar wayar ne, P = I × I × R. Waya mai kaurin 1.5mm² da tsawon mita 2 turjiyarta wajen om 0.02 ce, ka ga kamar ba komai, amma 83 sau 83 sau 0.02 kusan wat 140 ne yake zama zafi cikin 'yar siririyar waya, robarta narkewa za ta yi, ga ɗaki da labule da katifa. Ita wannan wayar a ɓangaren 230 da amfiya 4.35 ko rabin wat ba ta ɓatawa. Don haka tsakanin batir da inbata mai kauri ake sawa, kamar 25mm², a gajarce ta, a ɗaure bakin tamau, a sa fis kusa da batir. Kuɗin wayar zai yi maka ciwo na sani, saye ta hakanan.

Lissafin R = V ÷ I ya fi zama daram ga masu zafi irin dutsen guga da hita. Firji da injin ruwa masu moto ne, lokacin tashi suna jan amfiya ninkin ba ninkin na abin da ke rubuce, to in kana zaɓar inbata ko janareto dominsu ka bar sarari mai yawa sama da abin da lissafi ya ba ka.