Kurakuran da aka fi yi wajen gano matsalar kulocin babur ɗin ƙanƙara

Babur ɗin da ake hawa kan dusar ƙanƙara a ƙasashe irin su Kanada, arewacin Amurka da Finlan ba shi da giyar da direba ke canzawa. Ko Ski-Doo ne, ko Polaris, ko Arctic Cat, ko Yamaha, tsarin kusan ɗaya ne: kuloci biyu da bel ɗin roba a tsakaninsu. Na gaba yana kan karanshaf ɗin inji, na baya kuma shi ke miƙa ƙarfi zuwa sarƙar robar da ke ƙasa tana jan babur ɗin. Kowannensu faifai biyu ne masu gangare. Idan juyin inji ya ƙaru, wasu ƙarafan nauyi da ke cikin kulocin gaba sai su buɗe, su tura faifai ya matse bel ya hau sama, shi kuma na baya ya buɗe bel ya nutse. Canjin giyar ke nan.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma wanda ya fi cin kuɗi, shi ne ɗora wa bel laifi. Bel ya tsinke, mai babur ya sa sabo, bayan kwana biyu shi ma ya tsinke, sai ya ce robar bana ba ta da kyau. A ganina bel shaida ne, ba mai laifi ba, kuma wanda ya jefar da tsohon bel bai duba shi ba ya jefar da amsar tambayarsa. Ka ɗauke shi ka juya shi a hannu. Idan gefunansa sun yi sulɓi suna ƙyalli, yana zamewa ne yana ɗaukar zafi. Idan wuri ɗaya ne ya sirance kamar tsakiyar kalangu, an ba da wuta alhali sarƙar ƙasa ta daskare ko babur ya kafe, kuloci ya yi ta juyawa a kan wuri guda har ya ƙona shi. Irin wannan bel ɗin zai riƙa fizgar babur duk lokacin tashi, kuma ba ya gyaruwa. Idan gefe ɗaya ne ya cinye, ko zare yana fita ta ɓangare guda, kulocin biyu ba sa kan layi ɗaya. A nan mutane kan tsaya ga daidaita kulocin baya, su manta da robobin da ke riƙe da inji. In ɗaya daga cikinsu ta tsage, a tsaye komai zai auna daidai, amma da an danna totur inji zai karkace.

Sabon bel ma ana cutar da shi tun ranar farko. A wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe, sannan a yi kimanin kilomita 50 ana sauya gudu, ba tare da danna totur har ƙarshe ba. In akwai kibiya a jikinsa a bi ta, in kuma an cire shi a mayar da shi yadda yake fuskanta a da.

Sai batun sakin bel. Wanda ya yi sako-sako yana sa babur ya tashi kamar motar da aka tayar da giya ta biyu, inji yana nishi. Wanda ya matse da yawa kuwa yana ƙara, babur yana neman tafiya tun ba a ba shi wuta ba. A baburan Polaris da yawa, idan aka ɗora sanda miƙaƙƙiya a kan bel aka danna tsakiyarsa, ana son ya lotsa kimanin milimita 32, amma kowane samfuri da nasa awon a littafinsa. Bel yana sirancewa da aiki, don haka awon da ka yi a farkon hunturu ba zai kai ka ƙarshensa ba.

Wani kuskuren, wanda ya fi ba ni takaici domin kyakkyawar niyya ce ke jawo shi, shi ne zuba mai. Mutum ya ji kuloci yana sarƙewa, sai ya fesa masa mai ko ya shafa giris. Kulocin yawancin baburan nan a bushe aka ƙera shi ya yi aiki. Mai yana kama ƙurar bel ya zama wani baƙin danƙo da ke cin bushi, ragowar kuma juyi ya watsa shi kan faifai, bel ya fara zamewa. Abin da kuloci ke so shi ne a hure shi da iska mai ƙarfi, a goge fuskar faifai da soson goge ƙarfe mai laushi har baƙin robar da ta manne ya fita, a share da asiton (sinadarin wanke maiƙo) ko ruwan ɗumi da sabulu. Ba a so faifan ya yi sheƙi kamar madubi, domin bel yana bukatar abin kamawa.

Akwai kuma masu gano ciwo da kunne kawai. Agogon juyin inji shi ne babban abokin aikinka. Ka lura da lambobi biyu: inda kuloci ke kama bel, wanda a yawancin babura yake tsakanin juyi 3,000 zuwa 4,000 a minti, da kuma inda allura ke tsayawa idan an danna totur duka, wanda a injuna masu bugu biyu yakan kasance wajen 8,000. Kuloci mai lafiya yana kai allura wurin nan ya riƙe ta, gudu yana ƙaruwa ita tana tsaye. Idan tana hawa tana sauka, wani abu yana sarƙewa: rola ta cinye a gefe ɗaya, ko ƙarfen nauyi ya yi rami a inda rola ke bi, ko bushi ya cinye, har faifai yana girgiɗi. Idan ka saki totur ka sake dannawa inji ya yi nauyi kafin ya farfaɗo, ka duba kulocin baya, musamman sifirin ɗinsa da rolar da ke bin gangaren cikinsa. Mutane da yawa ba sa taɓa buɗe na baya, alhali rabin aikin nasa ne.

Amma ba kowane raguwar juyi ne laifin kuloci ba. Fulogi da ya mutu, matsin silinda da ya ragu, birki mai kamawa, boris da ya lalace, sarƙar ƙasa da aka ɗaure tamau, duk suna kawo alama iri ɗaya. Tudu ma haka: inji marar turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, shi ya sa masu hawan duwatsu ke sa ƙarafan nauyi marasa nauyi sosai. Idan kuwa ka fara canje-canje, ka canza abu ɗaya, ka gwada, ka rubuta. Wanda ya sauya sifirin da nauyi da bel a rana ɗaya ba zai san wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata.

Wajen kwancewa ne ake yin ɓarnar da ba ta da magani. Kulocin gaba a matse yake kan bakin karanshaf, kuma akwai abin zare shi na musamman ga kowane samfuri. Guduma tana iya lanƙwasa karanshaf ko ta fasa faifai. Kafin ka raba sassan ka nemi alamomin da kamfani ya buga a jikinsu, in ba ka gani ba ka sa naka, domin an daidaita nauyinsu tare ne, kuma in an juya su babur zai riƙa rawa. Sifirin a danne yake, ka sassauta murfi da abin matsewa, kada ka sa fuskarka a kansa. Wajen mayarwa, a ɗaure babban notin da ke riƙe kuloci a kan karanshaf da sifana mai awo daidai da abin da littafi ya ce.

Duk lokacin da bel ke waje, ka haska fitila a gindin faifai ka nemi tsaga, ko da siririya ce kamar gashi. Faifan da ya tsage ba a yi masa walda, sauyawa ake yi, domin ƙarfen da ke juyi 8,000 a minti in ya fashe yana iya ratsa murfi, ga shi kuma ƙafar direba ta hagu dab da wurin take. Saboda wannan dalilin ne ba a ba inji wuta babu bel, ba a kuma tuƙi ba tare da murfin kariyar kuloci a ɗaure ba.